Mutumin Farko a Bangon Makaranta

Duk fuskar da Mai Zane ya taɓa zanawa a garin nan tana da mai ita. Ba ɓoyayyen abu ba ne, shi da kansa yake faɗa yana dariya: hannunsa bai iya ƙago fuska ba, sai dai ya ara. Mutumin da ke murmushi a allon shagon aski direban tankar ruwa ne. Matar da ke riƙe da kwalbar maganin tari a bangon kemis ƙanwar matarsa ce, an dai rage mata kumatu bisa roƙonta. Ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Wasu ma da gangan suke zama a bencin ƙofar shagonsa, suna gyara zaman hula, ko Allah zai sa idonsa ya faɗa kansu.

Mutum ɗaya ne ya fi kowa zama a bencin nan kuma ba a taɓa zana shi ba, wato yayansa. Yaya ba ya gyara hula, ba ya roƙo. Yakan zo da yamma in ya taso daga ma'ajiyar siminti, ya zauna ya kalli hannun ƙaninsa yana aiki, in an gama ya ce, "Auta... ya yi kyau," ya tashi ya tafi. Shekara da shekaru ke nan, kuma ko sau ɗaya bai taɓa faɗo wa Mai Zane a rai cewa mutumin nan ma yana da fuska ba.

Sai aikin makaranta ya zo. Malamar kimiyya ta babbar sakandaren unguwar ce ta aiko a kira shi, wata 'yar siririyar mata mai saurin magana da alli a gefen mayafi. Ta kai shi barandar ɗakin gwaje-gwaje, ta nuna masa dogon bango fari fat.

"Ba biri nake so ka zana mini ba," in ji ta. "Kar in ga wutsiya, kar in ga gashi buzu-buzu, ba na son iyaye su cika mini ofis. Abin da nake so yara su gani shi ne yadda tunanin ɗan Adam ya girma. Mutum biyar, daga hagu zuwa dama."

Ta bi bangon tana dafawa da tafin hannu. Na farko yana tsugune, dutse a kowane hannu, yana buga ɗaya da ɗaya don ya sami kaifi. Na biyu ya riƙe wuta. Na uku yana nuna wa ɗansa sawun dabba a ƙasa, don a nuna an fara magana da koyarwa. Na huɗu yana zane a bangon kogo. Na biyar mutumin yau ne, tsaye ƙyam da littafi.

"Na farkon nan shi ne ya fi ba ni mamaki," ta ce, ta dawo hagu. "Ka ga, ya kalli dutse ya hango wuƙa a cikinsa tun ba a fasa ba. Daga nan komai ya taso. Amma ka rage masa goshi, ka ƙara masa ƙashin gira da muƙamuƙi. Ƙwaƙwalwarsa ba ta kai rabin tamu ba."

Mai Zane ya gyaɗa kai kamar wanda suka yi makaranta tare da mutumin.

Huɗu daga ciki ba su ba shi wahala ba. Mai wuta, mai walda na bakin titi ne, da ma kullum fuskarsa a yamutse take saboda tartsatsi. Mai nuna sawu ya ari fuskar mai gadin banki, mai zanen kogo kuwa telan da ke maƙwabtaka da shi. Da aka zo kan na biyar bai tsaya neman kowa ba, madubi ya ɗauko. Ya ƙara wa kansa tsawo kaɗan, ya sa wa kansa tabarau da bai taɓa sawa ba a rayuwarsa, ya ga ai gaskiya ce kawai ya zana.

Na farkon ne ya ƙi. Ya tsuguna gaban madubi a tsakar ɗaki da duwatsu biyu, ya ranƙwafa, ya ƙara ranƙwafawa, matarsa ta leƙo ta ce in ciwon ciki ne ya faɗa a jiƙa masa magani. Ya zana ya yaga, ya zana ya yaga. Bayan mutumin kullum sai ya fito kamar na wanda ya sunkuya neman makulli, zai miƙe yanzu. Shi kuwa baya yake nema wanda ya saba da lanƙwasa, wanda ba ya sa ran miƙewa.

Da yamma Yaya ya tashi daga benci zai tafi gida, Mai Zane ya bi bayansa da kallo, sai ya ga abin da yake nema yana tafiya a gefen titi.

Ba haka aka haife shi ba. Lokacin da mahaifinsu ya rasu Yaya yana ajin ƙarshe na firamare, Mai Zane kuwa ko yaye ba a yi masa ba. Yaya ya ajiye jakar makaranta ya shiga dakon siminti, kuma buhunan da ya ɗauka tun daga ranar su suka mayar da bayansa haka. Maganarsa kam tun yana yaro a hankali take fita, kalma ta fito ta jira 'yar'uwarta. Mai Zane yana son yayansa, wannan ba ƙarya ba ne. Sai dai ya saba ƙarasa masa magana tun bai kai tsakiya ba, ya kuma saba cewa, "Yaya, bari in yi maka bayani," a kan abin da ba a tambaye shi ba.

Washegari ya je gidan da takarda da fensir. Ya tarar da Yaya a tsakar gida kan tabarma, daga shi sai singileti, kamar kullum.

"Yaya, so nake in zana ka."

Yaya ya dube shi ya daɗe. "Ni?"

"Kai mana. Aikin makarantar su Mamana ne, a bango."

Mamana ita ce ɗiyar Yaya tilo, 'yar aji huɗu a makarantar. Sunan mahaifiyarsu aka sa mata, shi ya sa su biyun ba mai kiran sunan.

Yaya ya tashi ya shiga ɗaki. Mai Zane ya ji ana jan akwati. Da ya fito, sanye yake da farar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, da hula sabuwa, har da turare. Ya tsaya a tsakar gida yana ƙoƙarin miƙewa, yana murmushi irin na yaron da aka ce za a tafi da shi unguwa.

A nan ne ya kamata Mai Zane ya faɗi gaskiya, ko kuma ya zana mutumin da rigarsa ya kai gida ya rataye. Bai yi ko ɗaya ba. Dariya ya yi ya ce, "Haba Yaya, ba hoton fasfo ba ne. Cire rigar, yadda kake ɗazu ya fi. Aikin ƙarfi nake so in nuna."

Yaya ya cire, ya ninke a hankali ya ɗora a kan kujera. Aka ba shi duwatsu biyu, aka ce ya tsuguna, ya buga, ya sunkuyar da kai, ya ɗan saki baki. Duk ya yi. Gwiwarsa na ciwo amma bai motsa ba sai da aka ce ya tashi. Mai Zane yana zanawa yana gaya wa kansa baya kawai zai ɗauka da kafaɗu da hannuwa, fuska kuwa zai nemo a wani wuri.

Hannunsa bai san da wannan alkawari ba. A bango, ya rage goshi kamar yadda aka ce, ya ƙara gira da muƙamuƙi, ya ja da baya ya duba, sai ga Yaya. Ga kunnen nan na hagu da ya ɗan lanƙwashe, ga tabon da ƙugiyar buhu ta bar masa a gira, ga idon nan mai haƙuri. Ya tsoma buroshi a fenti zai gyara, sai malamar ta fito daga aji ta tsaya a bayansa.

"Kar ka taɓa shi," ta ce. "Wallahi wannan ya fi sauran rai. Dubi idonsa, kamar yanzu tunanin ya zo masa. A ina ka samo wannan fuskar?"

"Daga kaina," in ji Mai Zane, ya wanke buroshi.

Yabo yana da daɗi, kuma ya ji daɗinsa har gida. Malamar ta sa ya rubuta 'yan bayanai a ƙarƙashin kowane mutum, ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa, ya sa hannu a ƙasan na biyar, ya tattara gwangwanayensa ya tafi. In abin ya taso masa a rai sai ya ce ai Yaya ba ya shiga makarantar, kuma wa zai lura.

Bayan 'yan makonni yarinyar ta zo shagon, da kayan makaranta a jikinta. Ta gaishe shi a tsaye, ba ta zauna a benci ba.

"Mamana, lafiya? Shigo mana."

"Baffa, zuwa na yi in roƙe ka ka goge."

"In goge me?"

Ta dube shi kawai. Idon ubanta ne da ita, amma babu haƙurin a ciki.

Ta ba shi labari ba tare da ta ɗaga murya ba, wanda ya fi masa ciwo. Wani yaro ne da ubansa ke tuƙa motar ma'ajiyar siminti ya fara ganewa. Kafin a tashi ranar, duk ajin sun je sun gani. Ba sa ce mata komai, ba abin da za ta kai ƙara a kai. In za ta wuce sai wani ya ɗauki duwatsu biyu ya buga, ƙwas, ƙwas, sauran su kwashe da dariya. Ta daina bi ta barandar. Ranar da ake darasin kimiyya sai ta ce kanta na ciwo.

"Wannan duk zan iya jurewa," ta ce. "Amma ran Litinin ne taron iyaye. Baba ya gaya wa duk layinmu cewa ƙaninsa ya zana shi a bangon makaranta. Ya kai rigarsa guga. Ya gayyaci abokan aikinsa biyu su zo su gani. Kullum sai ya tambaye ni, ni kuma in ce ba a gama ba." Sai ta ɗago ta dube shi. "Baffa, me ya yi maka?"

Ya buɗe baki zai yi bayanin goshi da ƙwaƙwalwa da yadda malamar ta ce na farkon ya fi kowa ban mamaki. Ya ji yadda maganar za ta fito, ya rufe bakin. Kunya ta rufe shi, irin wadda mutum ke jin hannuwansa sun yi masa yawa, ya rasa inda zai ajiye su.

"Gobe Asabar," ya ce. "Ba kowa a makarantar. Zan je da sassafe. Ba zai gani ba, na yi miki alkawari."

Da safe ya ɗaure gwangwanaye a bayan babur ya tafi. Mai gadin makarantar ya buɗe masa ƙofa yana hamma, ya ce, "Ai ɗan'uwanka ma yana ciki, ya ce kai yake jira."

Mai Zane ya jingine babur, ya kwance gwangwanayen, ya taka zuwa barandar kamar mai zuwa karɓar hukunci.

Yaya yana tsaye gaban bangon, ta hagu, hannuwansa a baya. Da rigar aiki yake, mai farar ƙurar siminti a kafaɗa. Bai juyo ba.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya, Auta." Ya yi shiru irin nasa. Wannan karon ba wanda ya ƙarasa masa. "Yarinyar ce... kullum ta ce ba a gama ba. Na ce ko ni ake jira... in sake tsugunawa. Na je shago ban same ka ba, na ce bari in zo nan."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da duwatsun nan biyu. Ashe ajiye su ya yi. Ya dube su, ya sunkuya ya ajiye su a gindin bango.

Sai ya kai yatsa kan rubutun da ke ƙarƙashin mutumin farko. Karatun firamare bai bar shi ba, yana nan, a hankali dai. Ya bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa na motsi. "Ƙaramar... ƙwaƙwalwa. Bai iya... magana... kamar mu ba."

"Yaya, bari in yi maka..." Mai Zane ya tsaya. Ya haɗiye sauran.

Yaya ya fara tafiya a jikin bangon zuwa dama. Ya tsaya gaban mai wuta ya ce, "Mai walda." Ya matsa. "Wannan na banki ne." Ya matsa. "Tela." Ya isa ƙarshe, ya ɗaga kai da ƙyar don na biyar ɗin dogo ne, ya kalli tabarau da littafi da sa hannun da ke ƙasa. Ya daɗe a wurin. Sannan ya waiwaya ya kalli can farkon bangon inda yake tsugune, kamar mai auna nisa.

"Ashe tsakanina da kai... har mutum uku," ya ce. "Ni na ɗauka kai ne mai bi mini."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ma ya yi faɗan, da ma ya ɗaga hannun nan mai kaushi ya kwaɗa masa mari a gaban mai gadi, da Mai Zane ya samu abin riƙewa. Ya durƙusa a kan simintin barandar.

"Yaya, ka yafe mini. Wallahi bayanka kawai na yi niyyar ɗauka, hannuna ne..."

"Bayan ma nawa ne, Auta."

Mai Zane ya sunkuyar da kai.

"Tashi," in ji Yaya. "Tashi, kar mai gadi ya gani. Gogewa ka zo yi?"

"E."

"Ita ta sa ka?"

"Ita ce."

Yaya ya gyaɗa kai, ya share fuskarsa da tafin hannu daga goshi zuwa haɓa. "Suna tsokanarta ke nan. Shi ya sa ciwon kai." Ya numfasa. "To goge. Amma ka ji... ban zo nan ba. Ban gani ba. Ta yi ƙoƙari ta rufa mini asiri, kar ka ɓata mata."

"Ran Litinin fa?"

"Zan ce bayana ya tashi. Ba wanda zai ce ƙarya nake."

Ya ɗauki gwangwanin farin fenti ya buɗe masa murfin da farcensa, don ya san Auta kullum sai ya nemi abin ɓamɓarewa, ya ajiye masa a kusa. Sannan ya juya ya bi barandar ya fita, bai sake kallon bangon ba.

Mai Zane ya shafe fuskar. Ya shafe kunnen da tabon da idon, ya jira ya bushe, ya zana wata daga kansa kamar yadda ya taɓa yi wa malamar ƙarya. Abin da ya fito ba mutum ba ne, ba dabba ba, wani dunƙulen abu ne mai ido biyu da ba sa kallon komai. Ya cike bayan da tsoka har ya daina kama da na kowa. Daga nan ya je dama ya shafe na biyar tun daga wuya, ya mayar da shi mai kallon littafi, fuskar a ɓoye. Ran Litinin malamar ta kira shi a waya ta ce ya lalata mata bango, ta faɗi maganganu, ya saurara har ta gama ya ce ta yi haƙuri.

Yaya bai zo benci ba ranar, bai zo washegari ba. Da mako ya zagayo Mai Zane ya kasa daurewa, ya tafi gidan da yamma.

Yarinyar ce ta tare shi a zaure, fuskarta a sake, rabon da ya ga haka har ya manta. Ta rage murya.

"Baffa, na gode. Sun daina. Kuma ka ga ikon Allah, bayansa ya tashi ranar, bai ma je ba. Na ce masa hukumar makaranta ce ta hana a sa fuskar mutanen gari." Ta leƙa tsakar gida ta dawo. "Bai gani ba, ko?"

"Bai gani ba," in ji Mai Zane.

Ya yi sallama ya shiga. Yaya yana kan tabarmarsa, daga shi sai singileti, ya saki jiki yana shan iska. Da ya ji muryar ƙaninsa sai ya yi sauri ya jawo riga daga kan kujera ya zura. Ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya tura ƙirjinsa gaba, ya miƙar da bayan nan iya yadda zai miƙu. Mai Zane ya ga yadda jijiyar wuyansa ta tashi don zafi.

"Yaya, don Allah ka zauna yadda kake."

"Lafiya lau nake," in ji Yaya. "Mamana, kawo wa Baffanki kujera."

Aka kawo kujera, a gidan da bai taɓa zama a kan komai ba sai gefen tabarmar yayansa. Ya zauna a kai. Suka gaisa, suka yi maganar zafi da tsadar fenti, kuma har ya tashi tafiya Yaya bai bar bayansa ya sauko ba.